Yadda Ake Zana Manhaja a Takarda Kafin a Hau Kwamfuta

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda ta'asar 'yan bindiga, ciki har da Sabon Birni da Isa. Duk manhajar da ba ta motsi sai da intanet, a lokacin nan ta zama ado kawai a cikin waya. Matashin da ke son ƙera wa 'yan kasuwar ƙasar Gobir manhaja, a ce ta rubuta bashi da cinikin hatsi, ya riƙe wannan a ransa, ya kuma fara da zanen ƙwarangwal: hoton kowace fuskar manhajar da fensir, ba launi ba kwalliya, kamar yadda magini ke shata ɗaki a ƙasa kafin a haƙa tushe.

Da farko ya je rumfa ya zauna. Ya duba littafin bashin mai gero: me yake fara rubutawa, sunan mutum ko na ƙauyensu? Da boko yake rubutu ko da ajami? Tiya yake lissafi ko buhu? Daga nan ya zaɓi aiki ɗaya tak, wato shigar da sabon bashi, sauran su jira.

Sai ya yanko kwali daidai girman ƙaramar Itel ko Tecno da ke hannun mutane, kowane kwali fuska ɗaya. Akwati na nufin hoto, layi na nufin rubutu, da'ira kuma wurin dannawa. Ya yi madannan manya, don yatsan wanda ya yini yana awo ba ya ratsa ƙananan wurare, ga hasken rana na dushe fuskar waya. Kada ya raina kwalin. Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro ƙaramar kwamfutar aljihu PalmPilot, guntun katako ya sassaƙa ya riƙa yawo da shi a aljihu, yana fiddo shi kamar na'urar gaske, don ya gane abin da zai buƙata da wanda ba zai buƙata ba.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a nan yankin shi ne mafi nauyi: zana ranar da abu ya ƙi. Idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar shigar da bashi, me fuskar za ta nuna? Dole a sami kwalin da ke cewa an adana a waya, za a tura in layi ya dawo. Sannan ga batun kuɗi. Mai saye daga wajen Maraɗi da sefa yake zuwa, kuma bakinsa da dala yake ƙirga, kowace dala sefa 5. In ya ce ɗari biyu, sefa 1,000 yake nufi, jaka guda ke nan. Fuskar da ba ta fara tambayar naira ko sefa ba, ba ta kuma fayyace wane ƙirge ake bi ba, rigima za ta haddasa tsakanin mutanen da suka shekara suna amana. A kwali, gyaran wannan gogewa ce da sake zane. Bayan an gina manhaja kuwa, aikin kwanaki ne da kuɗin data.

Daga nan sai gwaji. Ya jera kwalayen gaban ɗan kasuwa ya ce, "Baba, ga wani ya karɓi tiya uku ta gero bashi, ina za ka taɓa?" Duk inda dattijon ya ɗora yatsa, sai ya ɗauke kwalin ya sa na gaba, shi ne wayar. Abu mai wuya shi ne kame baki, don in ya yi bayani ya ɓata gwajin. Inda Baba ya tsaya yana jujjuya kai, nan zanen ya gaza, sai a yi alama. Masanin nan Jakob Nielsen ya nuna tun 2000 cewa mutum biyar kan tono mafi yawan matsalolin zane, don haka ba sai an tara gayya ba. Amma a cikin biyar ɗin a sa wanda ba ya karanta boko, da matar da ke sana'a a cikin gida, ko da ta hannun 'yar'uwa za a kai mata kwalayen.

Ya gyara, ya sake kaiwa. Sai mutane sun shigar da bashi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da sun ɗago kai suna tambaya ba, sannan ya ɗauki hoton kwalayen da waya, ya kwafe su cikin manhajar zane irin Figma ko Balsamiq, ya miƙa wa mai rubuta manhajar tare da lambar kowace fuska da kibiyar da ke nuna inda take kaiwa.