Jiragen Yaƙi Uku Masu Suna Nijeriya

Hakimai da malamai sun san yadda sarauta take: Madaki ya kan rasu, a naɗa wani, sunan yana nan. Haka al'adar mayaƙan ruwa take. Kadan jirgi ya tsufa ko ya nutse, sai a ba sabo sunansa.

Na farko manuwa ce ta Ingilishi wadda aka saka a ruwa cikin 1939, lokacin da suke sa wa irinta sunayen ƙasashen mulkinsu, kamar su Kenya da Gambiya. Ita ce ta fi shan wuya. Cikin watan Agusta 1942, tana rakiyar jiragen da ke kai abinci da mai tsibirin Malta, wanda abokan gaba suka tsare, sai wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ya harbe ta. Mutane 52 suka hallaka, amma ba ta nutse ba. Aka kai ta Amurka aka gyara. A 1957 ta koma hannun Indiya, suka sa mata Mysore.

Na biyu ƙarami ne, aikinsa share nakiyoyin ruwa. Dā sunansa Hare. Ingila ta ba Nijeriya shi a 1959.

Na uku a Holan aka ƙera shi, aka gama a 1965. Da shi aka sauke soja a Bonny cikin Yuli 1967. Daga baya aka sāke masa suna, ya zama Obuma.

Saboda haka malamin da ya tarad da wannan suna a takarda, ya fara duba shekarar tukuna.