Wake da Gyaɗa: Takin Ɗan Gudun Hijira

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Bisa wannan hikima ƙasar Yuganda take tafiyar da 'yan gudun hijira. Dokarta ta 2006 ta ba su 'yancin yin aiki da zirga-zirga, kuma ana yanka wa iyali fili. A matsugunin Bidibidi, wanda aka buɗe a 2016 domin mutanen Sudan ta Kudu, filin yakan kai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na hekta ba. Da Shirin Abinci na Duniya ya rage tallafi da kashi 30 cikin ɗari a 2020, sai wannan ɗan fili ya zama madogara.

Matsalar ƙasa

Gona ƙarama ba ta samun hutu. Masara da dawa suna zuƙe sinadarin naitirojin kowace damina, ga takin zamani da tsada. Abin mamaki, kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa kai tsaye.

Maganin da ke cikin saiwa

A saiwar wake da gyaɗa akwai 'yan ƙululu waɗanda ƙwayoyin bakteriya da ake kira raizobiyam suke zaune a ciki. Tsiro yana ba su sukari, su kuma suna sarrafa naitirojin na iska ya koma irin wanda saiwa ke sha. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Idan aka girbe, aka bar saiwa da ganye suka ruɓe a gona, ko aka ba awaki harawa aka mayar da kashinsu, hatsin baɗi zai amfana. Waken kansa kuma abinci ne mai gina jikin yara.

Fili irin wannan ba zai ciyar da iyali shekara guda ba. Amma muddin ƙasar ba ta gaji ba, zai rage dogaro da tallafi, har a sami na kaiwa kasuwa.

Aikin gwaji

Ɗalibai su tono tushen wake mai fure a hankali, su wanke, su tsaga ƙululu guda da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, bakteriya suna aiki. Idan fari ne ko kore, ba sa yi. A ƙirga ƙululun tushe biyar, a kwatanta da saiwar dawa.