Darasi: Sa'a a Filin Sukuwa da Kokowa, da Inda Caca Take Farawa

  

Ya ƴan'uwa masu karatu, wata tambaya ce ta iso mana daga wasu matasa na Madawa, kuma mun sha jin irinta a Buza da Tamaske idan an tashi daga karatu. Suka ce: tun da Musulunci ya halatta tseren dawaki, alhali kowa ya san akwai sa'a a cikinsa, don me ake hana mutum ya yanki tikitin PMU ya gwada tasa sa'ar? Tambayar tana da ma'ana, kuma bai kamata a amsa ta da tsawa ba. Saboda haka muka keɓe mata darasin wannan fitowa.

Mu fara da abin da duk ɗan Adar da Gobir ya sani. Mutum yakan ɗaure ingarmansa a turke wata da watanni, yana ba shi harawa da dusa da kanwa, yana fita kilisa da shi safe da yamma. Ranar sukuwa sai ƙafar dokin ta faɗa ramin gafiya, ko majanyin sirdi ya kwance, ko wani yaro ya gitta, sai ga dokin da ba a sa wa rai ba ya wuce. Jama'a su ce mai shi ya taki sa'a. Wannan abu yana faruwa, kuma musun sa gardama ce kawai. Ko a ƙasashen da aka fi ƙididdige tsere, masu lissafi sun daɗe da lura cewa dokin da aka fi sa wa rai yana cin wajen tsere ɗaya ne cikin uku. A Ingila, a shekarar 1967, an yi wani babban tsere na tsallake shinge mai suna Grand National, dawaki 44 suka tashi. Da aka iso shinge na 23 sai wani doki da ya riga ya ka da mahayinsa ya gitta gaban sauran, suka cakuɗe, wasu suka faɗi, wasu suka tirje. Wani doki mai suna Foinavon, wanda aka raina ƙwarai, yana can baya nesa, kuma zamansa baya ne ya ba mahayinsa damar ganin hanya, ya ratsa ta gefe ya tsallake, ya ci tseren.

To, mene ne sunan wannan a wurin mumini? Abin da muke kira sa'a shi ne ɓangaren sakamako da Allah Ya ɓoye mana sabubbansa. Ramin gafiya yana nan tun kafin a yi sukuwa, mahayi ne bai san da shi ba. Babu wani abu da ke faruwa a mulkin Allah ba da saninSa da ƙaddarawarSa ba. Don haka ba laifi a ce wane ya yi sa'a, idan ana nufin Allah Ya ba shi abin da bai yi tsammani ba. Kuskuren yana ga wanda ya ɗauki sa'a wata aba ce mai zaman kanta, wadda ake jawowa da asiri, ko ake korewa da kallon wata tsohuwa a bakin hanya.

Manzon Allah (S.A.W) da kansa ya koyar da sahabbai wannan a filin tsere. Imam Buhari ya ruwaito daga Anas (R.A) cewa Annabi yana da wata taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, har ranar da wani baƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi zafi. Annabi bai zargi baƙauyen da sihiri ba, bai kuma ce a sake tseren ba. Ya fahimtar da su cewa ɗaukakar abin duniya ba ta dawwama.

Amma wanda ya tsaya nan ya ɗauki rabin darasi. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da Buhari da Muslim, Abdullahi ɗan Umar (R.A) ya ba da labarin yadda Annabi ya shirya tsere a Madina. Dawakin da aka horar sun tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar mil biyar zuwa bakwai bisa saɓanin masu ruwaya. Waɗanda ba a horar ba kuwa an taƙaita musu, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, wajen mil guda. Horarwar da ake nufi, kamar yadda malamai suka yi sharhi, ita ce a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sa'an nan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi ta gumi har kitse ya narke, tsoka ta yi ƙarfi. Ku duba, ya ƴan'uwa: wanda ya fi kowa sanin ƙaddara shi ne ya raba dawaki gwargwadon horonsu. Kuma an ruwaito hani ga a sa wani ya bi bayan doki yana yi masa ihu don ya ƙara gudu, da hani ga mahayi ya ja wani doki a gefe don ya sauya idan nasa ya gaji. Manufar duk wannan ita ce a rage abin da ba ƙwazo ba, har ya zama mafi yawan sakamako yana komawa ga doki da mahayinsa.

Haka abin yake a kokowa, wadda ta fi sukuwa tara jama'a a ƙasarmu yau. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a nan Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kowace shekara ana jin maganar sa'a: wane ƙuri'a ce ta haɗa shi da gwani tun da wuri, wane ƙafarsa ce ta zame a rairayi. Gaskiya ne. Cikin ƴan kokowa 80, goma daga kowace jaha, sau da yawa gwani yakan faɗi a hannun wanda bai kai shi ba. Sai dai Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi har sau shida zuwa gasar Agadas ta ƙarshen 2023, kuma babu mai hankalin da zai ce zamewar ƙafa ce ta ba shi sau shida. A karo ɗaya sa'a tana da faɗi, amma idan karawa ta yawaita sai rabonta ya ƙanƙance, ƙarfi da dabara da juriya su fito fili.

A nan ba za mu wuce ba sai mun taɓo maganar guraye da layu da kambuna da ake jibgawa a jiki, da ruwan rubutu da ake kwarawa a bakin fili. Malamai sun yi saɓani game da rataya abin da aka rubuta na ayoyin Alƙur'ani, amma ba su yi saɓani ba game da haramcin zuwa wurin boka da yanka don iskoki. Mu dai abin da idonmu yake gani shi ne mutum biyu suna shiga fili, kowanne ya sha ɗamara tun daga dantse har ƙugu, kuma dole ɗaya ya faɗi. Wanda ya kayar a ce bokansa gwani ne, wanda ya faɗi a ce an karya masa asiri, shi kuwa boka ya riga ya karɓi rago daga kowane ɓangare.

Masu son ƙwallon ƙafa ba su manta da 8 ga Oktoba 2011 ba. Ranar nan Masar ta ci ƙungiyar Mena 3 da 0, amma duk da haka Nijar ta samu shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinta. Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo, ƴan wasanta har suna rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Ashe ƙasashen uku kowace tana da maki 9, kuma doka ta ce a duba sakamakon karawarsu a tsakaninsu, inda Nijar ta fi. Duniya ta ce Nijar ta yi sa'a. E, ta yi. Amma da Mena ba ta ci wasanninta uku na Yamai ba, har da wanda ta ka da Masar a 2010, da kuskuren wasu bai amfane ta da kome ba.

Yanzu mu komo ga tambayar matasanmu. Rashin sanin wanda zai yi nasara ba shi ne caca ba. Da an san mai ci tun farko, da tseren ya zama wasan yara. Abin da shari'a take dubawa shi ne daga ina kuɗin ya fito, kuma hannun wa zai shiga. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kan wannan mas'ala a ƙarshen littafin. An halatta sanya lada a tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya, domin su ne kayan tsaron al'umma a wancan zamani. Idan sarki ko wani attajiri da ba ya cikin tseren ya ajiye kyauta, babu mai gardama a kan halaccinta. Idan ɗaya daga cikin masu tseren ne ya fitar, a wurin Imam Malik ba za ta koma masa ba ko da shi ya ci: ta tafi ga wanda ya bi masa, ko mahalarta su ci. Idan kuwa su biyu kowa ya zuba nasa, Sa'idu ɗan Musayyib ya yarda da sharaɗin a shigar da na uku da bai zuba kome ba, wanda dokinsa zai iya cinye su duka, Malik kuma bai yarda da hakan ba. Game da kokowa da tseren ƙafa, littattafan Malikiyya sun halatta su ba tare da masu yi sun zuba kuɗi ba, kuma da yawa daga malaman wannan zamani ba su ga laifin kyautar da hukuma ko wani na gefe ya bayar ba.

Duk wannan taka-tsantsan a kan mahaya ne, mutanen da suka yi kiwo suka hau suka sha ƙura. To, ina ga mai yankan tikiti? Shi ba shi da doki, bai taɓa ganin dokin ba, ba shi da hannu a horonsa. Dawakin da ake caca a kansu a rumfunan LONANI suna gudu ne a filayen Faransa, irin su Vincennes da Longchamp. Can aka kafa PMU a 1930, aka ƙirƙiro tiyarse a 1954, wato a faɗi dawaki uku na farko, aka ƙaro kinte a 1989, wato a faɗi biyar. Mahayi yana da rabon ƙwazo da rabon sa'a. Mai tikiti a Madawa rabon sa'a kaɗai ya rage masa, sai ɗan abin da ya tsinta a takardar hasashe wadda dubban mutane suka karanta tare da shi.

Ga lissafin, domin wanda bai taɓa yin sa ba. Idan dawaki 18 suka tashi, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa sun kai 4,896. Hanyoyin da biyar na farko za su iya jeruwa kuwa 1,028,160 ne. Tsarin kuma shi ne a tara kuɗin masu caca wuri ɗaya, kamfani da hukuma su cire kasonsu tukuna, sa'an nan a raba saura ga waɗanda suka dace. Ma'ana, abin da yake komawa ga masu tikiti a dunƙule kullum bai kai abin da suka zuba ba. Miliyoyin da aka ji wani ya ci a rediyo, jikkunan maƙwabtansa ne da na dubban talakawa irinsu, bayan an yanke. Cacar ƙwallo da ta shigo ta wayar hannu ita ma haka take, sai dai ta fi sauri, kuma ba ta bukatar mutum ya fita a gan shi.

Wasu sukan ce ai ribar irin waɗannan kamfanoni tana shiga ayyukan jama'a. Larabawan jahiliyya ma haka suke kare tasu. Sukan sayi raƙumi a yanka, a zuba kibau goma a jaka, bakwai masu rabo, uku marasa rabo, waɗanda suka jawo marasa rabo su biya kuɗin raƙumin, naman kuwa sau da yawa a ba matalauta, har ana yi wa wanda ya ƙi shiga gorin rowa. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 219, bai musanta cewa akwai ɗan amfani ba, amma ya nuna zunubin ya rinjaye shi. Daga baya ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yanke hukunci, suka haɗa caca da giya, suka ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla a matsayin ƴaƴanta.

Waɗannan ƴaƴa mun gan su da idonmu. Manomi ya kwana watanni a fadamar Tarka yana ban ruwan albasa, ya ci bashin iri da taki da man inji, ya sayar da buhunansa, sai kuɗin ya riƙa zirarewa jikka-jikka a bakin rumfa. Ba ya jin zafin, domin kowace rana kaɗan ce take fita. Idan dawakinsa biyu suka shigo na uku ya kuskure, sai ya ce saura ƙiris, gobe ya ninka. Wanda ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya ya aiko da kuɗin hatsi, ƙanensa ya ce bari ya juya su tukuna kafin ya kai wa tsohuwa. Idan damina ta kama, rumbu babu kome, a nan ne ake jin muryoyi suna tashi a tsakar gida.

Ga ƴan'uwanmu masu dawaki a Keita da Buza da Madawa, waɗanda suke shirya sukuwa lokacin Salla ko bayan girbi, abin da ake bukata kaɗan ne. A ayyana mafari da maƙura kafin a tashi, a share fili a cike ramuka, a haɗa dawaki masu kusancin ƙarfi, kada a ɗora ƙaramin yaro a kan ingarman da ya fi ƙarfinsa, kada a wahalar da dabba da bulala ko ƙaimi fiye da kima, kuma a tsaya idan an kira salla. Kyauta ta fito daga hannun hakimi ko magajin gari ko wani mai hali da ba ya cikin tseren, ƴan kallo kuma kada su ƙulla kome a tsakaninsu, ko da goro ne. Wanda kuwa ya riga ya ci wani abu ta hanyar tikiti kuma yana son ya tuba, malamai sun ce ya mayar wa mai shi idan ya san shi, in bai san shi ba ya fitar da kuɗin zuwa ga mabukata ko wani aikin amfanin jama'a, ba da niyyar sadaka ba, da niyyar rabuwa da abin da ba nasa ba. Wallahu A'alamu.