Kalmar da Ba Ka San Ma'anarta Ba

Ɗana, ina ganin ƙoƙarinka a kan Turanci, Allah Ya ƙara maka basira. Abu ɗaya nake so ka riƙe: duk kalmar da ta shigo bakinka daga waya ko daga majalisar abokai, kada ka bar ta ta zauna sai ka buɗe ƙamus ka ga me take nufi. Ba mu da uzurin rashin ƙamus. Bargery ya fitar da nasa na Hausa zuwa Turanci a 1934, Abraham ya biyo baya a 1949, Neil Skinner ya yi na Turanci zuwa Hausa a 1965, Roxana Ma Newman kuma ta yi nata a 1990. Ga na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa. Mutane sun ƙarar da shekarunsu a kan littattafan nan don kai da ire-irenka ku huta.

Abin da ya sa na taso da maganar, kalmar nan ce "bet" da ta cika bakin samari. Za ka ji yaro ɗan mutunci yana cewa zai je ya buga bet a kan wasan Arsenal, ko a jikinsa. Yaron nan da za ka kira shi ɗan caca, sai an raba ku. Alhali in ka duba ƙamus, abin da kalmar ke nufi ke nan: ka zuba kuɗi a kan abin da ba ka san yadda zai ƙare ba, in ka dace ka ci na wani, in ba ka dace ba a ci naka. Caca ce. A zamaninmu 'yan karta a bayan tasha suke ɓuya, kuma da wuya uba ya ba ɗan caca 'yarsa. Yanzu da abin ya zo da sunan Turanci, ya shiga waya da sunaye irin su Bet9ja da SportyBet, sai kunyar ta gushe. Hukuncin dai bai gushe ba. Alƙur'ani ya ambaci caca tare da giya a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, da kuma ta 90 da 91 na Suratul Ma'ida.

Turawa suna da wata kalmar da ta fi wannan tsufa, "wager", wadda za ka fi gamuwa da ita a littattafai da takardun shari'a. Ta shigo musu daga Faransancin mutanen Normandi, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma tushenta jingina ne, wato abin da mutum ke ajiyewa don tabbatar da alkawari. Daga wannan tushen ne aka sami "wage", ladan aikin da mutum ya yi da guminsa. Dubi yadda harafi ɗaya tak ya raba su a rubuce: ɗaya halaliyar lebura ce, ɗaya kuwa kuɗin da aka miƙa wa sa'a. Mai koyon da ke karatu cikin gaggawa sai ya haɗa su.

Haka "stake", kuɗin da aka zuba. Kalmar da 'yan jarida ke fassarawa da masu ruwa da tsaki, "stakeholder", asalinta sunan mutumin da masu caca biyu ke ba ajiyar kuɗinsu ne kafin a san wanda ya ci.

Wadda na fi so ka fahimta ita ce "odds", lambobin nan da ake rubutawa kusa da sunan kowace ƙungiya. Samari suna ɗaukarsu ribar da ke jiransu. Mu yi lissafi. A ce abu biyu ne kawai za su iya faruwa, kuma damarsu ɗaya. Adalci shi ne a biya wanda ya dace ninki biyu. Kamfani sai ya rubuta 1.90 a kowane ɓangare. Kai ka zuba Naira 1,000 a nan, abokinka ya zuba 1,000 a can. An karɓi 2,000, za a biya ɗayanku 1,900, sauran 100 na kamfani ne ko wa ya ci. In kuma ka jera wasanni 10 a tikiti ɗaya, kowanne damarsa rabi da rabi, to damarka ta cin duka 1 ce cikin 1,024. Shi ya sa kullum kake jin ana kukan wasa ɗaya ne ya yanke tikiti. Haka aka tsara abin tun farko.

Don haka ka nemi ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace sabuwar kalma tare da jimlar da ka gan ta a ciki, domin kalmar Turanci takan canza ma'ana gwargwadon maƙwabtanta. Ka duba ƙamus, ka tambayi malaminka, sannan ka gwada faɗinta da Hausa a gaban mahaifiyarka. In ka ji nauyin faɗa, ka dakata.

Idan kuwa ka riga ka buɗe asusu a ɗaya daga cikin manhajojin nan, ba faɗa zan yi maka ba. Ka zo bayan sallar Isha'i mu zauna, mu lissafa nawa ka zuba da nawa ya dawo, sannan mu rufe asusun tare.