An Ɗaure Janareta, An Bar Waya a Waje

Wani mai ba da hayar kujeru da lasifika a unguwar Lokuwa ya kira ni da sassafe, muryarsa har rawa take. Na je na tarar da janaretansa yana nan daram a tsakar gida, ɗaure da sarƙa da ƙaton kwaɗo irin na ƙofar shago. Wayar ce babu. Mita 30 ce mai ƙwaya huɗu, ni na haɗa masa ita da hannuna. Bayan bikin ƙarshe kafin azumi ya naɗe ta a jikin injin, ya ce sai bayan salla. Guntu kamar taƙi ɗaya aka bar masa yana reto, yankan kuwa tsaf, sara ɗaya.

Na daɗe ina wayarin a garin nan na Mubi, kuma yawancin satar da ake kira na a kanta irin wannan ce. Mai kaya yakan kashe kuɗi ya tsare injin, ya manta da abin da ɓarawon ya zo nema. Janareta nauyi gare shi, yana da lamba a jiki, maƙwabta ma sun san kamanninsa. Waya kuwa a buhun masara ake cusa ta a wuce da ita ta gaban mutane. Jan ƙarfen cikinta ake so. A kai ta bayan gari a cinna mata wuta, robar ta ƙone da baƙin hayaƙi mai wari, abin da ya rage a ɗora a sikeli. Daga nan ko ni da na haɗa ta ba zan iya rantsuwa a kanta ba. Ban ce duk ɗan gwangwan ɓarawo ne ba, da yawansu halal suke nema cikin rana. Amma wanda ya karɓi ƙonanniyar waya daga hannun yaro bai tambaye shi inda ya samo ba, ya san abin da yake saye.

Kuma kayan da aka ajiye su ne abin hari: injin walda da aka rufe aka yi tafiya, famfon sola na masu lambu a bakin kogin Yedzaram idan damina ta sauka, ɗakunan haya na ɗaliban kwalejin Foli da jami'ar jiha lokacin hutu.

Shawarata ta farko, duk wayar da za ta iya cirewa, a cire ta. Masu gyara da yawa suna ɗaure kan waya da noti a cikin injin, sai mai kaya ya ga kwancewa wahala ce, ya bar ta. Ka ce a sa maka filogi da soket manya irin na masana'anta, shuɗi na fes ɗaya, ja na fes uku. An gama aiki, a zare, a naɗe, a shiga da ita ɗaki. Sai dai a kula: ɓangaren da wuta ke fitowa shi ke da ramuka, mai haƙora yana ɓangaren kayan da ke shan wuta. Na sha ganin waya mai haƙora a kai biyu, wai don sauƙi. Ita wannan ko ba ɓarawo tana iya kashe mutum.

A ɗakin ma kada a yar da ita a ƙasa, ɓera na son roba. A yi mata naɗi mai faɗi a rataye.

Wadda ba ta cirewa, kamar wayar sumo ta rijiyar burtsatse ko wadda ta sauko daga faifan sola, a zura ta a bututun ƙarfe, a binne, a zuba siminti, bakin rijiyar a yi masa murfin ƙarfe da kwaɗo. Wasu na shafa fenti don shaida. Ba laifi, amma wuta ba ta barin fenti.

In kuwa an riga an yi satar, kada a ta da inji ko a ɗaga canjin wuta kafin mai gyara ya duba. Guntun da aka bari tsirara ne, kuma a daidai tsayin hannun yaro yake. Wajen sayen sabuwa ma akwai wani tarkon, domin zafin asara kan sa mutum neman mai araha. Akwai wayar da alminiyom ce aka yi mata rufin jan ƙarfe. Ka kankare ƙwaya ɗaya da wuƙa a gaban mai shago. In fari ya bayyana, ajiye masa abarsa. Alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka yake iya ɗauka, shi ya sa take zafi a mahaɗa har soket ya narke.

Mutumin Lokuwa dai mun sa masa jan filogi. Da na koma ƙara masa ƙwan fitila a zaure, na tambaye shi ina wayar. Ya ce tana bayan ƙofar ɗakin uwargida a kan ƙusa, ita kuma kullum mita take, wai ya mai da mata ɗaki sito.