Ɗigon Fitsari Bayan Tsarki: Wasiƙa daga Lafia

Mai wasiƙar magidanci ne mazaunin Lafia, wanda ɗigon fitsari ke ɓata wa wando duk lokacin da ya gama tsarki ya miƙe, har ya riƙa maimaita alwala, ya kuma daina shiga sahun gaba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne uwargidansa, wadda ita kaɗai ta san halin da yake ciki, ta kai maganar gidansu da sunan neman magani, yanzu ga surukarsa tana aiko masa da jiƙo, ga ƙannen matar suna sunkuyar da kai idan sun zo gaishe shi. Shekara 26 yana rufa mata asiri, ko sau ɗaya bai kai ƙararta gidansu ba. Yana tambaya ko macen da ta yi haka ta cancanci a sake ba ta amana.

Amsa

Alhaji mai wasiƙar ya cika takarda da laifin uwargida, amma bai faɗi shekarunsa ba, bai ce ko yana yawan tashi fitsari da dare ba, bai kuma bayyana ko fitsarin na fita da ƙarfi ko sai da yunƙuri ba, alhali a nan ne amsar take. Uwargida ta yi kuskure wajen zaɓen inda ta kai maganar, sai dai ita ce kaɗai a gidan ta ɗauki abin a matsayin ciwo, kuma wannan fili ya daɗe yana jan kunnen magidanta cewa ɓoye larurar fitsari saboda kunya na iya kai mutum ga ciwon ƙoda.

Tambayar da ta kamace shi ita ce ko mafitsararsa na juye abin da ke cikinta gaba ɗaya. A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wata halitta mai suna furostet, wadda girmanta bai wuce na goro ba, kuma bututun fitsari ta tsakiyarta ya ratsa. Tana ƙara girma da shekaru, ta yadda kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, wanda shi kansa ba ciwon daji ba ne, amma idan ya matse bututun sai fitsari ya yi rauni, ragowarsa ta maƙale. Ɗigon kuwa yakan fito ne daga abin da ya rage a lanƙwasar bututun, don haka ɗan dakatawa, da danna bayan maraina da yatsu a turo gaba kafin a yi tsarki, yakan rage shi ƙwarai.

Jiƙon suruka ba zai nuna dalilin ba, domin ciwon suga, da tsukewar bututu bayan tsohon ciwon sanyi, da ciwon dajin furostet, wanda shi ne ciwon dajin da ke kan gaba a tsakanin mazan Najeriya, duk suna iya taɓa fitsari. Likita zai gwada fitsari da suga, ya taɓa furostet da yatsa ta dubura, ya sa a ɗauki hoton mara, a kuma yi gwajin jini na PSA, wato auna wani sinadari da furostet ke fitarwa. Akwai tamsulosin da ke sassauta bututun cikin 'yan kwanaki, da finasteride da ke rage kumburin a kusan wata 6, amma likita ne zai zaɓa. Wasu magungunan mura ma suna iya toshe fitsari ɗungurungum, kuma toshewar ko ganin jini ba su jiran wayewar gari.

Alhaji ya nufi asibitin da mutanen Lafia suka sani da sunan Dalhatu Araf, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, a cikin makon nan, kuma ya tafi tare da uwargidan.