Darasin Wannan Fitowa: Me Ake Nufi Da Hasashe?

Kwanakin baya a ajin matan aure wata ɗaliba ta tambaye ni: "Malama, ashe ba duba ba ne likita ya ce ranar kaza zan haihu?" Wai tun ranar zuciyarta ta ƙi kwantawa da zuwa awo. Shi ya sa na ga ya dace yau mu tsaya a kan kalmar hasashe.

Hasashe shi ne mutum ya lura da alamomin da ke bayyane, ya haɗa da abin da aka saba gani, sannan ya faɗi abin da ake sa ran zai faru. Kakarki da ta ga hadari ya haɗo daga gabas ta ce a kwashe shanya, hasashe ta yi. Ya fi kintace ƙarfi, don kintace ba ya buƙatar dogon nazari, amma bai kai yaƙini ba. Shi ya sa a rediyo za ki ji an ce "ana hasashen", ba a cewa "tabbas".

To, likita fa? Lissafi yake yi. Yana ƙirga kwana 280, wato mako 40, daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, hoton ciki kuma ya taimaka masa. Mata kaɗan ne ƙwarai ke haihuwa a ainihin ranar, shi ma ya sani. Amfaninta dai ki shirya, kuma idan ciki ya wuce lokaci a gane da wuri. Haka hukumar NiMet ke fitar da hasashen damina a farkon shekara, daga awon iska da zafi da bayanan shekarun baya.

Na san inda ruɗanin ya fito. Aya ta 34 ta Suratu Luƙman ta ambaci saukar ruwa da abin da ke cikin mahaifa a jerin abubuwa 5 da saninsu ke wurin Allah. Malamai sun yi bayani cewa likita alama yake gani bayan ta wanzu. Bai san ajalin jaririn ba, bai san arzikinsa ba, balle makomarsa. Bai taɓa gaibu ba ko kaɗan.

Duba kuwa da'awar sanin gaibu ce. Mai bugun ƙasa ko mai watsa wuri ba shi da wata alama da ke ko ni za mu iya bincikawa, sai dai ya ce miki kishiya na tafe, ko wance ce ta sa miki hannu. Gida nawa wannan ya rusa! Hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je ya tambayi ɗan duba ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Kuma ki kula, abin nan da ake turowa a waya da sunan "hasashen taurari", wai watan haihuwarki ya nuna mijin da zai dace da ke, duba ne aka sauya wa riga. Ki tambayi kanki: a kan wace alama aka gina maganar, kuma mai ita ya yarda zai iya kuskure?

Idan za ki faɗi hasashe ki haɗa da in sha Allahu, kamar yadda Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, ta koyar.

Ɗalibar tawa dai ta koma awo. Ta sauka lafiya kwana 9 bayan ranar da aka rubuta mata a kati.